Shekarar da Na Sayar wa Mutanena Hannun Jarin Daraktoci

Kwanan baya wasu samari suka same ni a bakin shagona a Wurno, ɗayansu ya miƙo mini waya yana nuna mini wani layi mai hawa da sauka. Ya ce, "Baba Modi, ashe wanga aiki naku ba wani abu ba na. Ka danna nan ka saya, ka danna nan ka saida." Na karɓi wayar na duba. Gaskiyarsa, dannawa ba ta da wuya. Sai na tambaye shi, in ya danna ya saya, wa ke can ɗaya gefen yana sayar masa, kuma don mi yake son rabuwa da abinsa. Ya ce wannan bai shafe shi ba. To saboda shi da ire-irensa nake wannan bayani, don ni ma akwai shekarar da na ɗauka bai shafe ni ba.

Sama da shekara talatin na yi ina wakiltar wani ofishin dillalan hannun jari na Sakkwato a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Aikin a baki gajere ne. Mutum ya ba da kuɗinsa ya mallaki ɗan yanki na kamfani, in an ci riba a raba da shi, in an faɗi a faɗi da shi. Ni ne tsakaninsa da ofishin. Ni ke cika masa fom, ni ke kawo masa satifiket, ni ke bin cakin ribarsa in ya maƙale, kuma ƙofata yake bugawa in abu ya lalace.

A hannun Alhaji Sidi na koya. Tsohon ma'aikacin baitulmali ne, da ya yi ritaya ya buɗe ofis mai ɗaki biyu a saman wani kanti a Sakkwato. Wata shida na farko bai bar ni na yi magana da ko mutum ɗaya mai saye ba. Ya zaunar da ni da tarin takardu ina gwada suna da suna. Wanda aka rubuta Muhammadu a fom, aka rubuta Mohammed a banki, ribarsa tana iya shekara biyar a hanya ba ta iso shi ba. Ran da na bar irin wannan kuskure ya wuce, Alhaji bai yi mini faɗa ba. Ya ba ni kuɗin mota ya ce in tafi Tursa in gaya wa mai sunan da bakina dalilin da zai jira. Na je na same shi a gona, na yi bayani yana riƙe da fartanya. Ban sake barin wani ya wuce ba.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne karatun rahoton shekara, littafin nan mai sheƙi da kowane kamfani ke aiko wa masu hannun jari. Ranar farko na buɗe daga gaba, inda hoton shugaban daraktoci yake yana murmushi. Alhaji ya karɓe ya juya shi.

"Daga baya aka hwarawa, Modi," in ji shi. "Gaba abin da suka so ka gani na. Baya abin da doka tat tilasta musu su rubuta na."

Ya nuna mini shafuka biyu. Ɗaya yana ɗauke da yawan hannun jarin da kowane darakta ya mallaka bana da na bara. Ɗayan yana ɗauke da cinikin da kamfani ya yi da 'yan gida, wato daraktoci da danginsu da kamfanoninsu na kansu. Ya ce kada in yarda in kai wa talaka fom ɗin kamfanin da ban karanta waɗannan shafuka nasa ba. Rubutunsu ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ya ba ni madubin ƙara girman rubutu, yana nan wurina har yau.

Kayan aikina ba su da yawa. Jakar fata, fom kala uku, biro baƙi don banki ba ya karɓar ja, kushin tawada na dangwale, da tsumma a leda na goge yatsa. Sai babur. Kushin nan ya fi komai ba ni wahala, don rana kan busar da shi kafin in kai Rimawa, sai na dinga naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle. Dangwale kuma ba danna yatsa ba ne kawai. Manomin albasa zanen yatsansa ya goge da aiki, in ka danna da ƙarfi tabo kawai za ka samu, rajistaran kamfani ya dawo maka da takardar bayan wata uku. Mirgina yatsan ake yi a hankali daga gefe zuwa gefe.

Na tuna aikin Inna Ige ta Rimawa. Mijinta ya rasu, aka ga satifiket ɗinsa a ƙasan wani tsohon akwati, gara ta cinye rabinsa har da lambar. Abin da ya rage sunan kamfani ne da rabin sunan mamaci. Shekara biyu na yi ina bin wannan takarda, daga kotu zuwa banki zuwa gidan waya. Ran da sabo ya fito da sunanta na kai mata, ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "To ɗana, wagga takarda mi taka haihwa?" Na ce riba, in Allah ya yarda, sau ɗaya a shekara. Tun daga lokacin duk wanda na kai wa satifiket sai na sa ya nemi gwangwani mai murfi.

Akwai kamfanin da na fi kai wa mutanena, ba zan ambaci sunansa ba. Kamfanin zuba jari ne da ke kan kasuwar hannun jari. Shi ba ya ƙera komai, kuɗin jama'a yake tarawa ya sa a injin casar shinkafa, da taki, da gidajen haya. Malaman Wurno ba sa barin abu ya wuce haka nan, sai da na kai musu takardunsa na fassara musu layi-layi, suka gamsu babu giya ko caca a ciki, sannan jama'a suka saki jiki. Shekaru da dama yana biyan riba. Ba mai yawa ba, amma tana zuwa.

Cikin masu hannu a wannan kamfani akwai Ardo Buba, Bafulatanin da rugarsa ke gefen Kagara. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ɗan kaɗan ya saya tun farko, don gwaji, duk shekara in cakinsa ya zo sai ya sayi dusa da maganin shanu. Ban taɓa ce masa ya sayar da ko maraƙi don ya ƙara ba. Alhaji Sidi ya hana ni haka, yakan ce dukiyar da mutum ya iya kiwonta kada ka raba shi da ita saboda wadda bai iya ba.

Alhaji ya rasu, magadansa suka sayar da ofishin ga wasu manyan dillalai daga Legas. Suka turo manaja, mutum mai fara'a, mai saurin magana. Ban ga laifinsa ba a shekarun farko.

Shekarar da nake son ba ku labari, abu biyu ne suka haɗu. Na ɗaya, ɓarayin shanu sun matsa wa gabashin ƙasarmu, rugage suna tashi. Na biyu, manaja ya tara mu wakilai ya ce an samu hannun jarin kamfanin nan mai yawa ana son sayarwa, kuma la'adar wakili ninki biyu ce ga duk wanda ya kawo masu saye kafin ƙarshen wata biyu. Rahoton shekarar bai fito ba, ya makara, abin da bai taɓa faruwa ba. Na san da haka. Na san kuma tambayar da ta kamata in yi. Kamfanin da masu shi ba sa saki, yau an wayi gari ana neman kai da shi har da ƙarin la'ada, wa ke sayarwa? Ban tambaya ba. Lokacin an cire albasa, kuɗi na hannun mutane, na cika jaka da fom na hau babur.

Ardo da kansa ya aiko a kira ni. Na same shi a inuwar wata bishiya, shanu na kwance a bayansa. Bayan mun gaisa aka kawo mini nono, ya ce:

"Modi, an kore shanun Ardo Manu jiya-jiya. Saura mu. Ina son in mai da rabin waɗanga abin da ba a korawa da sanda. Takardar taku, ɓarawo na iya ɗaukar ta?"

"Ko ya ɗauka ba ta yi mishi amfani, Ardo. Sunanka na ciki."

"Kai ka yarda da mutanen?"

"Shekara nawa suna biyanka?"

Amsar da na ba shi ke nan. Tambaya ya yi mini, na mayar masa da tambaya. Sati biyu bayan haka ya kai shanu kasuwar Goronyo. Ina tsaye aka loda su a mota. Akwai wata farar saniya da ta ƙi hawa, sai da ya je da kansa ya yi mata magana da Fulatanci ya dafa wuyanta, sannan ta hau. Daga nan muka wuce banki tare, na mirgina yatsansa a kan fom, dangwalen ya fito tsaf.

Ba shi kaɗai ba. Manoman Tursa, 'yan tireda a Rimawa, malaman makaranta a Rabah, har Inna Ige ta ƙara da kuɗin tumakinta. Ban taɓa yin ciniki irin na wannan wata biyu ba.

Damina na tsakiya rahoton ya iso. Na buɗe daga baya, na ɗora madubi. Shugaban daraktoci, wanda bara yake da kaso mafi tsoka, bana abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Haka wasu daraktoci biyu. Na juya ɗaya shafin. Kamfani ya sayi wani makeken fili daga hannun ƙanen shugaban a kan farashin da ko a tsakiyar birni ba a ji ba, ya kuma zuba kuɗi a wani kamfanin surukinsa da ya durƙushe. A ƙasa masu binciken kuɗi sun rubuta da ƙaramin rubutu cewa ba su da tabbacin dukiyar za ta dawo. Babu riba a shekarar. Daraktocin sun san da wannan tun kafin kowa ya sani, suka riƙe rahoton, suka sauke kayansu a kasuwa. Kayan nan su na ɗauka a babur na raba gida-gida.

Kafin sati ya zagayo farashin ya zube. Na je wurin manaja na ajiye masa rahoton. Ya ce shi umarni aka ba shi daga sama, kuma dillali ba dole ne ya san mai sayarwa ba. Na ce shi ya sani ko bai sani ba. Ya duba agogo ya ce yana da baƙi.

Abin da ya rage wa ƙaramin mai hannun jari shi ne babban taron shekara. Wanda ba zai iya zuwa ba yana iya cika takardar wakilci ya tura wani da ƙuri'arsa. Na buga takardun na sake hawa babur, na bi gidajen da na bi a bazara ɗaya bayan ɗaya. A kowane gida sai na faɗi abin da ya faru tun daga farko, har da la'adar da na karɓa. Wani ya zage ni. Wani ya tashi ya bar ni zaune a zaure. Inna Ige ta miƙo yatsa daga bayan labule.

Ardo na bari a ƙarshe. Na tarar rugar ta tashi ta matso kusa da gari, don sauran shanun da ya bari an kore su wata guda kafin nan. Ya saurare ni har na gama. Na ciro kuɗin la'adar cinikinsa na ajiye a gabansa.

"Wanga na mine ne?"

"Abin da nis samu a kanka na, Ardo."

"Mai da aljihunka. Ka sa mai a mota ka tai ka gano min mutumen, shugaban nan nasu. Ina son ka tambaye shi gaban jama'a, sa'adda yas saida, ya san abin da ni ban sani ba, ko bai sani ba? Ita kaɗai nika so."

A wani babban otal a Abuja aka yi taron. A ƙofa ana ba kowa jaka da lema da kwalin abinci. Daraktoci na zaune a kan dandamali da ruwan gora a gabansu. Da aka buɗe fagen tambaya, mutum huɗu na farko da aka miƙa wa makirufo duk yabo suka yi, har ɗaya ya roƙi a ƙara wa daraktoci alawus saboda wahalar da suka sha. Daga baya na gane kowace shekara su ake fara miƙa wa makirufo, kuma ba a banza ba. Na ɗaga hannu har ya gaji. Da na ga za a rufe sai na miƙe ba tare da an kira ni ba, na ɗaga damin takardun wakilci sama. Duk tawada ce a jikinsu, kaɗan ne masu sa hannu. Wata tsohuwar malamar makaranta daga kudu da ke zaune kusa da ni ta ce da ƙarfi a ba ni dama, wasu suka mara mata baya.

Da Turancina na baitulmali da na gada wurin Alhaji na yi magana. Na faɗi lambar shafi. Na karanta abin da shugaba ya mallaka bara da abin da ya mallaka bana. Na ce wani dattijo makiyayi ya aiko ni da tambaya ɗaya, na faɗe ta yadda ya ba ni.

Shugaban ya gyara tabarau, ya gode mini da na taso daga nesa. Ya ce sayar da hannun jarinsa lamari ne na iyali, ya taso masa ne da buƙata, kuma lauyoyi sun duba komai. Ya ce kasuwa dama hawa da sauka ce. Na ce ban ji amsar ba, ya sani ko bai sani ba? Sai na ji makirufo ya mutu a hannuna. Aka zo zaɓen sake naɗa daraktoci. Da aka ce a ɗaga hannu mun fi su yawa nesa ba kusa ba. Sakataren kamfani ya ce za a ƙirga da yawan hannun jari ne, ba da yawan mutane ba, kuma haka doka ta tanada. Wasu manyan kamfanoni biyu da ke tare da su suka rinjaye mu gaba ɗaya. Damin da na kwashe sati uku ina tarawa bai kai ƙuri'ar mutum ɗaya mai kwat da ke layin gaba ba.

Ni da malamar nan da wasu muka rubuta koke zuwa hukumar da ke sa ido a kan kasuwa. An bincika, ba zan ce ba a yi ba. Bayan shekaru shugaban ya sauka da kansa, aka yi masa liyafar ban kwana. Aka ci kamfani tara, aka biya daga asusun kamfani, wato daga abin da ya rage na su Ardo.

Da na dawo daga Abuja ban tsaya gida ba sai Kagara. Na tarar da Ardo yana gyara igiya.

"Ka gane shi?"

"Na gane shi, Ardo."

"Ka tambaye shi?"

"Na tambaya, gaban mutane."

"Mi yac ce?"

"Bai amsa ba."

Ya ci gaba da murza igiyar. "Ya sunkuyar da kai?"

Na so in ce e. Na ce, "A'a. Ruwa yas sha."

Ya gyaɗa kai, ya ce in gaida gida.

Daga shekarar aikina ya ragu da kansa. Ban bar shi ba, don akwai masu cakin da ya maƙale da magadan da ke neman canjin suna, kuma ba mai yi musu in ba ni ba. Amma ban sake kai wa kowa fom ɗin saye ba sai wanda ya zo da ƙafarsa, shi ma sai na zaunar da shi mun karanta shafukan nan biyu tare. Da yawa sukan gaji su tashi. Ardo kuwa, mutumin da a da ake yanka masa rago in ya sauka a gari, ya koma kiwon shanun wani ɗan kasuwa na Goronyo ana biyansa a wata. Nakan gan shi a bakin hanya in na wuce, ya ɗaga mini sanda, in tsaya mu gaisa. Bai taɓa sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya.

Bara waccan ya rasu. Bayan an yi addu'ar bakwai babban ɗansa, Jaɓɓi, ya aiko mini cewa za a raba gado, kuma akwai takardar da ba wanda ya san kanta sai ni. Na je. An shimfiɗa tabarma a ƙofar bukka, malamin da zai raba yana zaune da alƙalami. Abin da aka fito da shi ba shi da yawa: riguna biyu, bargo, rediyo, tumaki uku a ɗaure, sai takardar kamfani da aka ciro daga gwangwani, a cikin leda, ba ko lanƙwasa a jikinta. Malam ya yi wa kowane abu kima ya rubuta. Da ya zo kanta ya ɗago ya dube ni.

"Malam Modi, wagga nawa za mu sa ta?"

Na riga na duba farashin da safe. Na faɗa masa. Ya riƙe alƙalamin bai rubuta ba, ya ce in sake faɗi. Na sake. Kuɗin bai kai na tunkiya ɗaya cikin ukun da ke ɗaure ba.

Jaɓɓi ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallonta, ko da yake ba ya karatun boko. Shi ya taya mahaifinsa kora shanun zuwa kasuwa a wancan lokaci, ya san su ɗaya-ɗaya da sunayensu. Ya ce, ba da faɗa ba:

"Baba Modi, duka suna ciki nan? Har da farar?"

Na ce, "Har da ita."

Ya mayar da takardar cikin ledarta ya ajiye kusa da bargo. Malam ya sunkuya ya rubuta, aka wuce kan rediyo.